Ƙashin baya, laka da tsatso: ina bambancinsu?

Tambaya: Malam, kullum ina jin ana cewa noma ne ƙashin bayan tattalin arziki, ana kuma cewa wane ba shi da laka. Shin ƙashin baya da laka abu ɗaya ne?

Amsa: A'a, ba ɗaya ba ne. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sai 9 na can ƙasa da galibinsu ke manne da juna idan mutum ya girma. Tsakanin mafi yawan na saman akwai faifan guringuntsi mai rage gogayya. Idan faifan ya bulluƙo ya danne jijiya, sai ciwo ya sauka har ƙafa, shi ya sa ake son mai ɗaga kaya ya durƙusa da gwiwa maimakon ya sunkuya.

Laka kuwa igiyar jijiyoyi ce da ta ratsa ta cikin ramin ƙasusuwan, tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Idan ta yanke, abin da ke ƙasa da wurin raunin yakan shanye. Don Allah, kada a ciccibi wanda ya yi haɗari a lanƙwasa masa wuya ko baya.

Daga nan ma'anonin aro suka fito. Ƙashin bayan abu shi ne ginshiƙin da ya tallafe shi. Marar laka shi ne wanda ba kuzari a jikinsa. Akwai kuma tsatso, wato ƙasan baya, wanda Bahaushe ke nufin zuriya da shi: "Daga tsatson malamai ya fito."