Kada ku bar gwiwar Inna ta sandare

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce an yi mata aikin gwiwa a Yawunde, an sa mata ta ƙarfe, kun dawo da ita Marwa, ciwo ya hana ta barci, ta kuma ƙi yarda a taɓa ƙafar. Kina tambaya ko ku ƙyale ta ta huta har ciwon ya lafa. Don Allah kada ku ƙyale ta. Ni ma an yi mini irin wannan aikin, a gida na yi jinya nan Garwa, kuma kwanciyar da ake barin mutum ya yi don tausayi ita ce ke sandarar da gwiwa. Makonni 6 na farko su ne lokacin da take karɓar lanƙwasa. In ta daskare, wani lokaci sai an koma asibiti an sa mutum barci an tanƙwara ta da ƙarfi.

Sai dai ba za ta motsa ba tana cikin azaba, don haka daga magani za ku fara. A ba ta a kan lokacin da likita ya rubuta, kada a jira sai ta fara nishi, domin in ciwo ya riga ya tashi, saukar da shi aiki ne. Farasitamol, ko Doliprane ne ko Efferalgan, babban mutum ba ya wuce giram 4 a awa 24, tsofaffi kuwa sau da yawa likita kan tsayar da su a giram 3. Ki riƙa karanta kwali, don akwai irin su Ixprim da farasitamol ke haɗe da tramadol a ciki, kada a ninka mata ba a sani ba. In an rubuta mata tramadol, ku saya a kantin magani na gaskiya da takardar likita. Tramol ɗin da ake talla a bakin kasuwa kada ya shigo gidanku. Shi tramadol yana sa jiri da tashin zuciya, yana kuma ɗaure ciki, sai ta yawaita ruwa, da gwanda, da miyar kuɓewa ko zogale. Diclofenac da ibuprofen kuwa sai an tambayi likita, musamman in ana yi mata allurar Lovenox ta hana daskarewar jini, ko tana da olsa ko ciwon ƙoda.

Ƙanƙara ta taimake ni ƙwarai. 'Yata kan daskarar da ledojin ruwa, in wuta ta ɗauke ta sayo a wajen masu ruwan sanyi ta zuba a kula. A naɗe a tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, ba a kan fata kai tsaye ba, kada kuma bandejin ya jiƙe.

Sai maganar matashi, nan ne nake so ki tsaya sosai. Duk mai wannan ciwon zai roƙi a cusa masa matashi a bayan gwiwa, don nan ne yake jin sauƙi. Kada a sa. Gwiwar za ta saba da zama a lanƙwashe, daga baya ta ƙi miƙewa, mutum ya dinga ɗingishi. A ƙarƙashin dunduniya ake sawa, ƙafar a miƙe, a ɗaga ta har ta ɗara ƙirji tsawo don kumburi ya sauka. Da farko za ta ji kamar ana jan jijiyar bayan ƙafar. Ni har hawaye na yi, ina riƙe da bakin gado ina salati. Ki zauna kusa da ita kina jan ta da hira, minti goma ma a lokaci ɗaya ya isa, a maimaita a yini.

Ku nemi kine, mai gashin ƙashi, ko da zuwa gida zai riƙa yi, a kuma ba ta magani kamar rabin awa kafin ya iso. Tsakanin zuwansa akwai aikin da ke kanku: ta riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa kowace awa, ta danna bayan gwiwa a katifa ta ƙirga biyar ta saki, ta rataya ɗankwali a tafin ƙafa ta jawo dunduniya a hankali. Ta tashi da sanduna ta taka zuwa ƙofar ɗaki ta dawo. Abin da ake nema da fari shi ne ta zauna a kujera tafin ƙafarta ya kwanta a ƙasa.

Masai na tsuguno ba nata ba ne yanzu. Kafinta ya huda mata kujera mai hannu a ɗora a kai. Ta bar katifar ƙasa ta koma gado, a kwashe tabarmi da darduma daga hanyarta, kuma kada a ɗora ta a moto, wato babur. Salla ta yi a kujera ba tare da damuwa ba, hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya ce wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune.

Masu zuwa dubiya za su kawo shawara iri-iri: a gasa da ruwan zafi, a shafa man zafi, a kira mai ɗori. Ki yi musu godiya, amma ba karaya ba ce, kuma hannu ko magani kada ya kusanci ɗinkin har a cire shi, wajen mako 2 bayan aiki.

In kin ga sha-raɓarta ta kumbura ta yi tauri tana zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ku wuce asibiti a take ko da tsakar dare ne, don alamar gudan jini ke nan. Haka in ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zafin jiki ya haura digiri 38. Kada ku ce zazzaɓin cizon sauro ne ku ba ta magani a gida, a duba gwiwar tukuna.

Ciwon dare yakan yi makonni kafin ya saki, kumburi kuwa har watanni. Ki rubuto mini sunayen magungunan da ke takardarta da lokutan da kuke ba ta, mu duba tare. A gaishe mini da Inna.