An cire mini haƙora huɗu, yaushe zan sa na roba?

Tambaya: Likita, ni mace ce mai shekara 58 a Tawa, kuma ina da ciwon suga. Mako uku ke nan da aka cire mini turame huɗu na ƙasa, tuwo ma da ƙyar nake ci. Wani a kasuwa ya ce zai manna mini haƙoran roba a yini ɗaya, ba sai na riƙa cirewa ba. In yarda?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah kada ki yarda.

Mako uku ya yi kaɗan. Idan aka cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da saiwarsa yakan riƙa motsewa, dasashi ya bi shi, kuma abin ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko. Abin da aka auna yau, kafin damina ta zagayo ya fara lilo a baki. Shi ya sa muke jira mako 6 zuwa 8, wani lokaci wata uku, sannan mu ɗauki awon baki. Mai ciwon suga kuwa rauninta ya fi jinkirin warkewa, sai a fara daidaita sugan.

Wanda ake mannawa ɗin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Roba ce ake kwaɓawa a liƙe ta jikin haƙoran da ke gefe. Abinci ya shige ƙarƙashi, ba buroshi ba asuwaki da zai kai wurin. Daga nan sai warin baki, dasashi ya kumbura yana jini, lafiyayyun haƙoran su fara girgiɗi. An je cike giɓin huɗu, a rasa wasu biyu.

Amma kada ki bar giɓin shekara da shekaru, domin na kusa za su karkata, na sama su zazzago.

Ki je wajen likitan haƙori a asibiti. A cikin haƙoran da ake sawa a can, wanda ake cirewa a mayar shi ya fi araha, akwai na roba zalla, akwai mai ƙarfe a ciki, wanda ya fi ƙarko. Makonnin farko za ki ji yawan miyau, magana ta ɗan canja. Ki fara da kunu da fura da tuwo mai laushi, kilishi da goro su jira. In haƙorin ya ji miki ciwo, ki koma a goge miki gefensa da ke jin miki ciwon, kada ki kankare da kanki.

Kullum da dare ki cire, ki wanke da sabulu da buroshi mai laushi, ki jiƙa a ruwan sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi.