Abin da ya sa yaranmu na Accra ba sa magana sai da "please"

Yaya, ka ce ɗana ya cika ka da "please" a waya har ka zaci kuɗi yake nema. Wallahi ba roƙo ba ne. Can gida in mutum ya ce "please" kunne ake kasawa a ji buƙata, tamkar ya ce don Allah. A nan Ghana kuwa aikin ladabi take yi. Yaro ba ya amsa wa babba sai ya sa ta a gaba. Ka tambaye shi sunansa, da ita zai fara. Ka ce ya ci abinci? "Please, yes." Ko musa maka zai yi, "please, no" za ka ji.

Tushenta yaren Twi ne. Asantawa kan ce "mepa wo kyɛw" kafin su yi wa na gaba da su magana, ko da ba abin da suke nema. Da Turanci ya zama harshen makaranta da ofis, sai "please" ta gaji wannan aiki.

Mu 'yan zango, tun zuwan kakanninmu fataken goro ta Salaga, Hausa muke yi a gida, daga unguwannin Nima da Mamobi na Accra har Kumasi. Amma yaro aji ɗaya yake zama da 'ya'yan Ga da Ewe da Asante, kuma in ya amsa wa malama gatsau, sai ta sa ya maimaita, wata ma ta haɗa masa da bulala. Kafin ka ankara ta manne masa a baki, har cikin Hausarsa. Ka tsaya wajen mai waakye, wato shinkafa da wake, da safe, za ka ji yarinya ta miƙa kwano tana cewa, "Please, Hajiya, a ƙara mini shito," wato soyayyen yaji. A cikin trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ma haka ake kiran yaron mota a tsaya a sauka.

Yawanci daga ƙasa take hawa sama. Da wuya ka ji dattijo ya faɗa wa jikansa ita.

Tsofaffinmu dai ba su gamsu ba. Cewa suke yi yaran yanzu sun sayar da durƙuso sun sayi "please", yaro na tsaye ƙiƙam a kanka yana zaton ya gama ladabi. Ni ma ina bayansu a nan. A gidana na yarda su faɗe ta a makaranta da kan titi, amma mai gaida kakarsa sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa.