Amsa: ε′ + jε″ ko ε′ − jε″, wanne za a shigar?

Ɗan'uwa, ka ce ka shigar da ε na ruwa (wato permittivity, ma'aunin yadda abu ke amsa wa filin lantarki) cikin manhajar kwaikwayon igiyoyin lantarki a matsayin 78 + 10j a mitar 2.45 GHz, sai igiyar ta riƙa ƙara ƙarfi a cikin ruwan maimakon ta raunana. Lambobinka lafiya lau suke: 78 shi ne ε′, 10 kuma ε″, ɓangaren da ke nuna asarar makamashi. Alamar ce ka juya, ka mai da asara riba.

Tushen abin shi ne yadda manhajar ke rubuta lokaci. Injiniyoyin lantarki suna amfani da exp(+jωt), a wajensu abu mai shan makamashi ε′ − jε″ ne. Masana fiziks da masu aikin haske suna amfani da exp(−iωt), nasu kuwa ε′ + iε″. Duka biyun daidai ne, kada dai ka haɗa su a lissafi guda. Manhajojin COMSOL da HFSS da CST suna layin farko, Lumerical da Meep suna na biyu.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, da zinare. Na kwafo n da k (ma'aunin lanƙwasa haske da na shan haske) daga teburin Johnson da Christy na 1972, na lissafa ε″ = 2nk, na liƙa da alamar tarawa a manhajar layin farko. Zanen da ya fito gwanin kyau, har na fara murna. Sai da na tara hasken da ya dawo da wanda ya ratsa, na ga sun haura 1, wato sun fi hasken da na harba, sannan jikina ya yi sanyi. Manhajar ba ta ce uffan ba, domin abu mai ƙara wa igiya ƙarfi akwai shi a duniya, shi ake sawa cikin leza.

Wani tarkon kuma: a manhajojin layin farko, idan akwati ɗaya aka ba ka na ε, kai za ka sa alamar cirewa da hannunka. Idan akwatuna biyu ne, n daban k daban, ko an nemi tan δ (wato ε″/ε′), ka rubuta lambar zalla, alamar tana cikin lissafin manhajar. Ka ƙara taka, an cire sau biyu ke nan, ka koma gidan jiya. Idan ka riga ka shigar da σ (ma'aunin yadda abu ke wuce da lantarki), kada ka maimaita ta a cikin ε″, don σ/(ωε₀) tuni ta shiga.

Yanzu duk manhajar da ban saba da ita ba, sai na fara zana falle ɗaya mai kauri, na harba masa igiya, na duba wutar da ya sha. Idan ta fito ƙasa da sifili, na juya alamar. Gwada 78 − 10j, ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.