Ina so in sayi babur mai lantarki, amma labarin gobara ya tsorata ni

Tambaya: Assalamu alaikum. Kuɗin mai ya ishe ni, har na fara tara kuɗi don in sayi babur mai lantarki. Sai yayana ya ce batirinsa na kamawa da wuta cikin dare, ni kuma ina da yara ƙanana a gida. Wani bakanike kuma ya ce idan na saya zai cire mini wani abu a cikin batirin don ya ƙara gudu. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Tsoronka na kan hanya, amma bai kai ya hana ka saye ba.

Amfaninsa a fili yake. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta, kusan taya da birki ne za su riƙa cin kuɗinka. Batir mai 72V da 40Ah (V ƙarfin wutarsa ne, Ah kuma yawan cajin da yake riƙewa) wutar da yake ɗauka ba ta wuce yunit 3 da ɗan wani abu ba, ka gwada wannan da man da kake sha a rana. Ba hayaƙi, ba ƙara. Matsalarsa kuwa, ya fi na mai tsada a wajen saye, caji na cin sa'o'i, kuma nisan da kamfani ke rubutawa an auna shi ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya da ɗan gudu kaɗan. Da ka ɗauki goyo ko ka hau tudu, lissafi ya canza. Sannan batirin na tsufa, canjinsa shi ne kashe kuɗi mafi nauyi. Idan ba ka da tabbatacciyar wutar caji, ko zirga-zirgarka mai nisa ce, ka dakata tukuna.

Maganar bakaniken nan ce ta tayar mini da hankali. Abin da yake son cirewa shi ne allon da ke gadin batir, wanda ake kira BMS. Shi ke yanke wuta idan caji ya cika, ko zafi ya yi yawa, ko wata ƙwayar batir (ƙananan batiran da aka harhaɗa a cikinsa) ta zarce 'yan'uwanta caji. Kusan kullum sai an kawo mini batirin da aka tsallake wannan allo da guntun waya, mai shi yana murna wai babur ya daina mutuwa a kan tudu. Ai mutuwar da yake yi ita ce kariyarka! Wanda bai san ƙwayoyi nawa ne a cikin batir ba, da wane dalili zai sa masa almakashi?

Ƙanwar wannan ɓarna ita ce cewa duk cajar da bakinta ya shiga ta yi. Wallahi ba haka ba ne. Batiran litiyam biyu za su iya ɗaukar rubutun 72V iri ɗaya alhali cikinsu daban, domin akwai nau'in NMC akwai na LFP, sunayen da suka samo daga sinadaran da aka haɗa ƙwayoyinsu da su. Nau'in NMC mai ƙwaya 20 yana cika ne a 84V. Nau'in LFP mai ƙwaya 24 sai ya kai 87.6V. Idan ka jona cajar na biyun a na farkon, kowace ƙwaya za ta haura 4.2V da aka ƙayyade mata. In allon gadi na nan, zai yanke. In an cire shi, ƙwaya ɗaya za ta yi zafi ta kunna ta kusa da ita, haka har batirin duka ya kama, da hayaƙi mai guba, kuma ko an kashe wutar tana iya sake tashi. A shekarar 2023 irin wannan gobara ta batiran litiyam ta kashe mutum 18 a birnin New York na Amurka. A watan Fabrairun 2024 mutum 15 suka rasu a Nanjing ta ƙasar Sin, wutar kuwa ta faro ne daga inda ake ajiye baburan lantarki a ƙasan bene. Yayanka bai yi ƙarya ba, sai dai abin da na fi gani a bayan irin wannan wuta shi ne batirin da aka taɓa, ko cajar aro, ko batirin haɗe-haɗe marar suna.

Don haka in za ka saya, nemi mai batirin LFP, ya fi jure zafi kuma ya fi daɗewa, ko da yake ya ɗan fi nauyi. Ka karɓi takardar garanti, ka tabbata ana samun kayan gyaransa. Cajar da ya zo da ita kaɗai za ka yi amfani da ita. Kada ka jona shi da zarar ka dawo daga tafiya, bari ya huce. Kada ka yi caji a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar da za ku bi ku fita, kuma don Allah kada ka jona shi ka kwanta barci, yaran nan amana ne a hannunka. Duk ranar da ka ga batirin ya kumbura, ko ya faɗi ya lotse, ko ka ji wani baƙon wari, fitar da shi fili nesa da gida ka kira waɗanda suka sayar maka. Idan ya riga ya fara hayaƙi, kwashe iyalinka ku fice, ka kira 'yan kwana-kwana.