Ga mai shirin zuwa ƙasar Sin karatun tsara birane

Ƙanenmu, ka tambaya ko ya dace ka zo nan digiri na biyu a fannin tsara birane da muhalli, tunda ka ji ana cewa mulkin jam'iyya ɗaya ne ya kore hayaƙin Beijing. Ka zo, amma ka zo da idonka biyu.

Aikin dai an yi shi. A 2013, shekarar da aka fito da shirin yaƙi da gurɓatar iska, matsakaicin ƙurar PM2.5 (ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ke shiga huhu) a Beijing ya kai maikirogiram 89.5 a kowace kubik mita ta iska, a 2017 ya sauko 58, a 2021 ya koma 33. Daga sama ake yanka wa shugaban gari adadin rage gurɓatar da zai kai, a ɗaura ƙarin girmansa a kai, sannan tawagar bincike daga gwamnatin tsakiya ta sauka lardi ta yi kusan wata guda tana karɓar ƙorafin jama'a.

Ɓarakar ma daga nan take fitowa, domin jami'i ya fi tsoron na sama da shi fiye da mutanen garinsa. A hunturun 2017 an raba ƙauyukan lardin Hebei, maƙwabcin Beijing, da murhun kwal tun ba a gama jan bututun gas ba, mutane suka kwana cikin sanyi, sai a watan Disamba ma'aikatar muhalli ta sassauta. A Xi'an kuwa, a 2016 aka kama jami'ai suna cusa auduga a bakin na'urar auna iska don adadin ya yi ƙasa, aka ɗaure su. Ruwan saman birnin Zhengzhou na 20 ga Yuli 2021, milimita 201.9 cikin awa ɗaya, ya fi ƙarfin magudanan garin, binciken gwamnati da kanta ya nuna an ɓoye yawan mamata. Wannan ya fi komai damun mu, ka riƙe shi duk lokacin da aka miƙo maka alƙaluman ƙaramar hukuma.

Saboda haka ka zaɓi batun da za ka iya aunawa da hannunka a ɗakin gwaji ko a kwamfuta: tace ruwan kwata, daɓen da ruwa ke ratsawa, lissafin ambaliya. Wannan zai yi maka amfani a Kano ko Maiduguri. Batun rusau da tashin mutane kuwa, malaminka ba zai sa hannu ba, waɗanda za ka tambaya ma ba za su saki baki ba. Kada ka fita da GPS kana auna fili ba izini, doka ta hana baƙo. Taswirar wayarka ma a kan tsarin GCJ-02 take, wanda ke gusar da wuri da ɗaruruwan mita, in ka ɗora ta kan hoton tauraron ɗan'adam ba gyara, titi zai faɗa cikin kogi.

Ka duba jami'o'in Tongji a Shanghai da Tsinghua a Beijing. Ka fara samun takardar amincewar malami kafin ka cike neman tallafin CSC, wato hukumar tallafin karatu ta gwamnatin Sin, wanda ke ba ɗalibin digiri na biyu yuan 3,000 a wata. Takardar gwajin lafiya wata shida take aiki, kada ka yi ta da wuri. Da bizar ɗalibai ta X1 za ka shigo, ka mayar da ita takardar zama cikin kwana 30.