Tambayoyinku kan Waya: Cajar Mayen Ƙarfe a Lokacin Rangwame

Tun shigowar watan Nuwamba, kusan duk saƙonnin da kuke aiko mini kan abu guda suke: garaɓasar ƙarshen shekara da Jumia da Konga ke yi a intanet, da wadda masu shagunan waya na cikin garin Sakkwato ke yi tasu. Ga waɗanda na zaɓa a wannan makon.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina riƙe da iPhone 11 'yar hannu. Na ga an karya kuɗin cajar MagSafe, wadda ke mannewa a bayan waya. Ƙawata na da ita ga iPhone 13, kuma ta burge ni. In saya? (Malamar makaranta, Mabera)

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Dakata tukuna, don wayarki da ta ƙawarki ba ɗaya ba ne a wannan fannin. Kamfanin Apple ya fara sa zoben mayen ƙarfe a bayan waya ne daga iPhone 12, a watan Oktoba na 2020. Taki ta riga wannan fitowa. Tana karɓar caji ba tare da an soka mata kebul ba, don tun iPhone 8 a 2017 suke haka, amma babu abin da zai riƙe cajar a jikinta, kuma ƙarfin da take ja ba ya wuce wat 7.5 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin caji). Ta ƙawarki tana jan wat 15.

Mai shago zai ce miki ki haɗa da rigar waya mai zobe, kuma gaskiya ya faɗa, cajar za ta manne. Sai dai rigar riƙewa kawai take yi, ba ta ƙara wa wayar sauri ko kaɗan. Kuɗin da za ki kashe wajen sayen caja da riga, in kika sayi kan caja mai wat 20 na kirki da kebul mai kyau, wayarki za ta kai wajen rabi cikin minti 30. A garin da ake iya kawo wuta a ɗauke kafin ki gama dafa shayi, wannan saurin ya fi miki amfani nesa ba kusa ba.

Masu iPhone 12 zuwa sama, ku ma ku duba abu biyu kafin ku biya. Na farko, a nemi tambarin Qi2 ko na MagSafe na asali a jikin kwali. Qi2 ƙa'ida ce da ƙungiyar kamfanonin cajin da ba kebul ta fitar a 2023, an gina ta kan tsarin MagSafe, tana ba da wat 15. Cajar da aka rubuta mata "magnetic" (wato mai mayen ƙarfe) kawai, ko da kwalinta na ihun wat 15, galibi wat 7.5 take bai wa iPhone. Na biyu, faifan cajar yakan zo ba kai, kuma sai da kai mai wat 20 ko fiye yake ba da cikakken ƙarfinsa. Sau da yawa a nan rangwamen ke komawa aljihun mai shago: ya sauƙaƙa faifai, ya tsauwala kai. Mai iPhone 16e, wadda ta fito a 2025, ya sani ita ma ba ta da zoben, duk da sabuntarta.

Tambaya: Malam, ni Tecno gare ni. Akwai wani kebul da ake saidawa, ana barin ɗan kansa cikin ramin caji, sai kebul ɗin ya riƙa mannewa da kansa. An ce shina hana rami lalacewa. Uku ake ba da su a kuɗin biyu. Mi kake gani? (Ɗan kabu-kabu, Runjin Sambo)

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambayar, don mutane da yawa na haɗa wannan kebul da MagSafe, alhali ba abin da ya gama su sai mayen ƙarfe. Ni dai ba na ba kowa shawarar sayensa, balle kai da kake yini kan babur.

Dalilina shi ne ɗan kan nan da ke zaune a ramin. Ƙarafan da ke ɗauke da wuta a fili suke, kuma mayen ƙarfen na janyo duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin aljihu ko cikin ƙura. Ka tuna yadda hunturu ke yi mana daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan ɓurɓushin ya haɗa ƙarafa biyu da bai kamata su haɗu ba, wuta na iya bi ta inda ba hanyarta ba. A teburin gyarana na sha karɓar wayoyin da aka sa wa irin wannan kan don a kare rami, aka ƙare da canza ramin gaba ɗaya, wani lokacin har da abin da ke sarrafa caji a cikin injin wayar, wanda gyaransa ya ninka kuɗin kebul sau da yawa. Ga shi kuma da yawansu ba sa ɗaukar cajin sauri da Tecno ɗinka ta zo da shi.

In ramin ne damuwarka, ka riƙa cire kebul a miƙe, ka daina latsa waya tana rataye da caja, ka kuma sa a share maka ramin lokaci-lokaci da tsinke mai laushi, ba allura ba.

Su wayoyin Android, yawancin Tecno da itel da ke hannun jama'a ba sa karɓar caji ba kebul sam, don haka faifan MagSafe ba zai yi musu komai ba ko an manna. Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban: Infinix Note 40 ta 2024 ta zo da nata tsarin mai suna MagCharge wanda ke aiki da rigarta, Samsung Galaxy S25 na buƙatar riga mai zobe, Pixel 10 kuwa da zobenta ta zo. Amma abin da zai yi maka amfani a sana'arka shi ne mariƙin waya mai kama ta da hannuwa huɗu. Na mayen ƙarfe ya dace da mota. A kan babur, rami guda a hanyar Kware ya isa ya jefar da ita.

Tambaya: Malam, ina son pawa bank mai mannewa ga iPhone 13. Na ga na 5,000mAh da na 10,000mAh duk an rage. Wanne ya fi? (Ɗalibi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo)

Amsa: Ƙanena, ka fara sanin cewa lambar mAh da ke jikin kwali, wato yawan wutar da batir ke ɗauka, ba ita ke shiga wayarka ba. Cajin da ba kebul yana ratsawa ne tsakanin naɗin wayar lantarki biyu, ɗaya a caja ɗaya a bayan wayar, kuma wani kaso mai yawa na wutar yana tafiya a zafi. Shi ya sa na 5,000 da ƙyar yake cika iPhone 13 sau ɗaya, duk da batirinta bai kai haka ba. Na 10,000 ya fi ƙarko ga mai yini a aji, sai dai yana da nauyi, kuma in zoben rigar wayarka ba mai ƙarfi ba ne zai riƙa zamewa.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin. Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyas. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ka ɗora zafin caja kan zafin gari, ka cusa su cikin aljihun kaftani, sai wayar ta rage jan wuta, ko ta tsaya a kashi 80 har sai ta huce. Ba lalacewa ta yi ba, kare batirinta take. Amma batir da ke shan zafi kullum yana saurin tsufa, kuma yawancin iPhone da ke hannun ɗalibai 'yan hannu ne, batirinsu ya riga ya ci rabin tafiya. Wanda ya saya yanzu cikin sanyin hunturu zai ji daɗinsa, sai bazara ta shigo ya ga ainihin halinsa.

Don haka ka ɗauki na 10,000 wanda ke da ramin USB-C mai fitar da wat 20. Da dare ko cikin ɗaki mai sanyi ka manna. Da rana tsaka ka sa kebul. Ka tsaya ga sunayen da aka sani irin su Anker, Belkin, Ugreen, Baseus ko Oraimo, kuma tun da ana yin jabunsu, ka sa a buɗe a gwada da wayarka a gabanka. In ta intanet ne, ka karanta sharaɗin mayar da kaya, ka kuma kwatanta farashin da na kasuwa, don wasu 'yan kasuwa kan ɗaga kuɗi kafin su "rage".

Tambaya: Ɗana ya aiko mini da iPhone 14, ina son riga mai zobe da ɗan jakar kati mai mannewa. Yaya zan gane mai kyau? Kuma mijina na da na'urar bugun zuciya a ƙirji. (Hajiya, Gawon Nama)

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, bari in fara da tasa. Apple ya yi gargaɗi a nisanta wayar da kayan MagSafe daga irin wannan na'urar da fiye da santimita 15, in kuma tana caji ba kebul, fiye da santimita 30. Kada a sa ta a aljihun gaban rigarsa, kada a bar ta tana caji kusa da ƙirjinsa a kan gado, kuma a sanar da likitansa.

Riga kuwa gwajinta mai sauƙi ne. Ki tafi shago da allura. Ki ɗora ta kan zoben: in ta manne, akwai mayen ƙarfe; in ba ta manne ba, fenti ne ko fallen ƙarfe. Ki duba bakin rigar ya ɗan ɗara gilashi da kyamara tsawo. Fara mai nuna jikin waya tana komawa ruwan ɗorawa da sauri a ranarmu, don haka mai launi ta fi daɗewa da kyanta. Jakar kati kuma a cire ta kafin a ɗora caja, kada katin ATM ya shiga tsakanin waya da faifai.